Atisayen mako guda a yini ɗaya ya kai wani telan Tarai wankin ƙoda

Tela ne a Tarai, ƙaramar hukumar Kibiya, bai kai shekara 30 ba. Aurensa ya matso, ɗinki ya yi masa yawa, ga shi yana son ya murɗe kafin ranar. Sai ya faɗa hannun wani mai gidan ɗaga ƙarfe a wani gari da ke kusa, irin gidan nan mai rufin kwano da ake cika gwangwanin fenti da siminti a soka masa rodi. Duk ilimin mutumin bai wuce bidiyon TikTok ba. Da telan ya ce ba shi da lokaci, sai ya ce masa: "Abokina, ka zo Juma'a bayan masallaci, mu haɗa maka na satin gaba ɗaya."

Watan Afrilu ne, rana na dukan kwano. Aka sa shi tsallen kwaɗo, aka ɗora masa ƙarfe a kafaɗa yana tsugunawa yana miƙewa, kusan awa uku, mutumin da rabonsa da gudu tun firamare. An hana shi ruwa wai don kitse ya narke. Da ƙafa ta fara rawa aka miƙo masa tiramol.

Washegari cinyoyinsa sun kumbura, ko kujerar keken ɗinki ya kasa zama a kai. Ya aika kemis aka kawo dikilofenak, mahaifiyarsa ta yi ta gasa shi da ruwan zafi. A kwana na uku fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, daga nan ya ƙaranta. Aka kai shi asibiti a Rano, daga can aka wuce da shi Kano, gwaji ya nuna tsoka ta narke, sinadarin mayogulobin da ya fito daga cikinta ya toshe ƙoda, sai wanki. Mai wannan rubutu, wanda aikinsa gashin ƙashi ne, ya karɓe shi bayan an sallame shi daga ɗakin jinya, yana jan ƙafa, mahaifinsa na riƙe da shi. Dattijon ya ce: "Likita, ashe motsa jikin ma yana kwantar da mutum?" An ɗage bikin, an sayar da keken ɗinki ɗaya.

Abin haushin, lokacin da yaron ke nema yana da shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiya da sauri zuwa gona da tuƙa keke duk suna cikin lissafin. Abin da ya rage na ƙarfe, minti 30 zuwa 40 sau biyu ko uku a mako ya isa: tsuguno, firesof, jan jiki a sanda, ɗaga nauyi daga ƙasa. Waɗannan suna kama gaɓoɓi da yawa a lokaci guda. A haɗa na turawa da na ja, ɗaya na hutawa ɗaya na aiki. Mafi yawan awa biyun da samari ke taƙama da ita a gidan ƙarfe, duba waya ne da hira da tsayuwa gaban madubi ana murza ƙwanji.

Su kuma masu "minti huɗu ya isa", sun ji sunan Tabata ne kawai. Binciken da Izumi Tabata na Japan ya wallafa a 1996, na daƙiƙa 20 aiki da 10 hutu har zagaye takwas, an yi shi ne a kan matasa masu horo, bisa keken gwaji, ana sa musu ido. Ba a yi shi don tela mai yini a zaune ba.

Ba a tara atisayen mako a yini ɗaya. Ba a hana mai gumi ruwa. Ba a shan tiramol don a ci gaba, domin ciwo shi ne birki. Dikilofenak da ibufurofen a jikin da ya bushe ƙarin wuta ne ga ƙoda, amma masu kemis sai miƙawa suke ba tambaya. Mai hawan jini ya auna kafin ya taɓa ƙarfe. Ruwa dai, ruwa, musamman a bazara, kuma a yi da sassafe ko bayan la'asar. Duk wanda ya kira kansa koci, a tambaye shi inda ya koya; faɗin ƙirji ba takarda ba ce.

Iyaye da abokai a Tarai, Kibiya da Rano: wanda ya dawo daga ɗaga ƙarfe ya ga fitsarinsa ya yi duhu, ko ciwon tsoka ya zo da kumburi da kasala, kada a tsaya gashi ko kemis. A kai shi asibiti a ranar, a ce a duba ƙodarsa.