Motsa Jiki a Lokacin Juna Biyu: Amfani da Ƙa'idoji

A wasu gidaje, da zarar ciki ya bayyana ga mace sai a ce ta zauna wuri guda, kada ta jijjiga abin da take ɗauke da shi. A wasu kuwa, daka da surfe da ɗiban ruwa ba sa raguwa har ranar naƙuda. Ilimin halittu ya nuna cewa lafiya tana tsakanin waɗannan biyu.

Bari mu fara da sauye-sauyen da jiki ke yi. Jinin mai juna biyu yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zuciyarta kuma takan ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti guda. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi sukan saki domin shirin haihuwa, nauyi kuma ya rinjaya gaba. Shi ya sa targaɗe da faɗuwa suke saurin samunta.

Duk da haka, zama ba magani ba ne. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai ciki lafiyayya ta yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, misali minti 30 a kwana biyar. Wannan yana taimaka wa tsoka ta sarrafa sukari, saboda haka yana rage haɗarin ciwon sukari na masu ciki, da hawan jini, da ƙiba mai yawa. Tafiya da ɗan sauri ita ce mafi sauƙi. Ma'auninta kuwa shi ne mace ta iya magana tana tafe. Idan numfashi ya hana ta, to ta zarce.

Akwai ƙa'idoji uku. Na farko, a guji zafin rana, musamman a bazara. A fita da sassafe ko da yamma, a kuma sha ruwa sosai. Na biyu, daga wajen wata na biyar a daina motsa jiki a kwance rigingine, domin mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Na uku, a kauce wa ɗaukar kaya masu nauyi da duk wasan da ke jawo faɗuwa ko bugun ciki.

Idan aka ga jini, ko zubar ruwa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko murɗawar mara a kai a kai, a tsaya nan take a nufi asibiti. Mai ciwon zuciya, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa, kada ta fara sai da izinin likita.

Ɗalibai, ku kai wannan bayani ga iyaye da yayyenku, ku kuma tuna musu cewa zuwa awo shi ne matakin farko.