Darasi: Mene Ne "Compost"?

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya wani dattijo ya tambaye ni, ya ce, "Malam, wannan kwamfos da kuke ta faɗi, a wane kanti ake sayar da shi?" Aka yi dariya. Amma tambayarsa tana kan hanya, gama da yawanmu muna faɗin kalmar ba mu san ma'anarta ba.

Kalmar Turanci ce, ana rubuta ta compost. Turawan Ingila ma aro suka yi daga tsohon Faransanci, Faransawa kuwa daga Latin suka samo ta, daga componere, wato a haɗa abubuwa wuri ɗaya. Da ta shiga Turanci, wajen ƙarshen ƙarni na 14, gauraye kawai take nufi, har da 'ya'yan itace da aka dafa tare cikin tukunya. Sai a ƙarni na 16 suka soma kiran taki da ita.

To, sunan nan shi ne ya faɗi aikin. Tsibin kashin shanu shi kaɗai ba kwamfos ba ne, in kuwa ɗanye ne yakan ƙone shuka. Kara shi kaɗai ba ya ruɓewa da wuri. Juji ma ba shi ba ne, balle na yanzu mai cike da leda da fasassun kwalabe. Sai an haɗa.

Wani Bature, Albert Howard, ya tsara hanyar haɗin nan a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931. A taƙaice: kashi uku na kara da ganye da ciyawa, kashi ɗaya na kashin dabbobi. A shimfiɗa su cikin rami, wannan bisa wannan, ana barbaɗa ƙasa da toka kaɗan. Na ce kaɗan, domin wasu sukan juye kwando guda, su rage wa takin ƙarfi. A yayyafa ruwa ya jiƙa, kada ya yi caɓi. A riƙa juyawa domin iska ta shiga, gama ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna bukatarta.

Ka soka sanda a tsakiya, bayan 'yan kwanaki ka zare. In ka ji ta da zafi, aiki yana tafiya. Cikin wata uku zai yi baƙi, ya yi laushi, wari ya tafi.

Saboda haka kada a cinna wa kara wuta bayan girbi. Kowane gida ya haƙa raminsa tun da kaka, kusa da turke, domin takin ya nuna kafin ruwan shuka.