Riƙon Zauren Unguwa a Ƙasar Gobir

A Sabon Birni da Isa, zauren unguwa ya wuce wurin kallon ƙwallo. Tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka taru cikin gari, nan ake cajin waya, ake jin labarin hanya.

Kwamitin zaure ya fara gyara daga aljihu, don can rigima ke tasowa. Littafi ɗaya, ma'aji ɗaya, a riƙa karanta shiga da fita gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Janareta ya zama kaya tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Sola da batir sun fi rufin asiri, kuɗin caji kuwa ya biya mai gadi.

Kada a dogara ga waya kaɗai. A 2021 an katse layukan sadarwa a yankin, saboda haka allon sanarwa a bakin ƙofa bai tsufa ba.

Mata su samu lokacinsu da hantsi, na ɗinki ko yaƙi da jahilci, 'yan gudun hijira kuma a ba su kujera a kwamiti. Mai unguwa ya san da kowane taro, a tashi kafin magariba. 'Yan siyasa kuwa su biya haya kamar kowa.