Darasi A Kan Gubar Dalma Da Haƙar Zinariya

Ya kai ɗan'uwa matashi, wannan darasi ya shafi mai haƙar ma'adini da mai niƙa shi da mai dakonsa, har da wanda yake maƙwabtaka da su. Don haka ka karanta a tsanake, ka kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Ka sani, a watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, jihar Zamfara. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka auna jini sai aka ga dalma ce. Kafin a shawo kan abin, yara fiye da 400 sun rasu, yawancinsu ba su cika shekara 5 ba. A Dareta da 'Yargalma kaɗai, bincike ya nuna kusan yaro 1 cikin 4 na masu wannan shekaru ya rasu cikin shekara guda. Tun kafin nan ma agwagin garuruwan sun yi ta mutuwa, ba a gane ishara ce ba.

To yaya dalma ta shiga cikin yaron da bai taɓa zuwa rami ba? Zinariya ta yi tsada a duniya, a 2009 oza ɗaya ta wuce dala 1,000. Sai samari suka dinga kwaso duwatsu cikin buhuna suna kawowa gida. Dutsen wannan yanki kuwa cike yake da dalma. A farfasa shi da guduma a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a wanke, a shanya inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a ƙasa da kwanon tuwo da bakin rijiya. Amurka a lokacin ta ƙayyade kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa. A wasu wurare na waɗannan ƙauyuka an sami fiye da 100,000, wato ushirin ƙasar dalma ce. Ka ji fa! Yaro kuma ka san halinsa, hannu daga ƙasa sai baki, kuma cikinsa yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsa.

Wanda ya rayu ma bai kuɓuta ba. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya komawa yadda yake. Yaro ya tashi da nauyin fahimta, a yi ta dukansa a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne. Kai babba, tana jawo maka hawan jini da ciwon ƙoda, tana raunana haihuwa. Tana kwanciya cikin ƙashi shekaru masu yawa, idan mace ta sami ciki sai ta fito ta isa ga ɗan tayi. Tafasa ruwa ba ya kawar da ita, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa. A Kabwe ta ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, amma ƙasar unguwannin ba ta daina cutar da yara ba.

Wani zai ce maka ai kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma imani da ƙaddara bai ɗauke maka riƙo da sababi ba, kuma Shari'a ta haramta maka cutar da kanka ko waninka. Neman halal wajibi ne, ba wanda ya ce ka zauna da yunwa. Sai dai wanda ya san wannan bayani, sa'an nan ya shigo da dutsen nan inda 'ya'yansa da na maƙwabcinsa suke, to ya shirya amsa. Haka wanda yaronsa ke jijjiga ya ce iska ce, ya nufi wurin boka ya bar asibiti, ya haɗa ɓarna biyu.

Maganin da aka yi a Zamfara mai wahala ne. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa, domin maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar. Bagega sai 2013 aka gyara ta, saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnati. Kuma a 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Saboda haka in wannan ce sana'arka, bar dutse da niƙansa can bayan gari, nesa da rijiya. A jiƙa shi kafin a niƙa don ƙura ta kwanta. Ka yi wanka ka sauya tufafi da takalmi a wurin aiki kafin ka ɗauki ɗanka. Buhun dutse ba ya komawa na hatsi, turminsa ma haka. Ka kuma gaya wa mutanen gida su bar sa wa jariri tozalin da ba a san asalinsa ba, don da yawansa daga dutsen dalma ake yi. In yaro ya fara kasala da amai a garin da ake wannan aiki, a kai shi asibiti, ka faɗa wa likita sana'arka, ka nemi a auna dalma a jininsa.