Filin Shawara: Goyon Wata Biyar da Kwanan Mota a Bakin Kogi

Ni matar aure ce a Birnin Kebbi, ina goyon ɗana na fari, watansa 5. Maigidana da abokansa biyu sun shirya mu tafi yawon buɗe ido Bagudo a ƙarshen mako tare da iyalansu, tunda ruwa ya ɗauke. Ɗayansu yana da bas, ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifu, ya sa tukunyar gas da kuloli. Shirin shi ne mu tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu kwana biyu a cikin motar a bakin kogi, mu ga Illo da Lolo, in hali ya yi mu leƙa Benin. Matansu ƙawayena ne tun muna makaranta, amma ba mai ƙaramin goyo sai ni. Surukata ta ce ba da jikanta ba. Ƙawayena kuma sun ce tun da na haihu na zama tsohuwa. Gwaggo, tun da na yi arba'in ban je ko'ina ba sai asibiti da gidanmu. Wallahi ina son tafiyar, amma gabana yana faɗuwa. Ya zan yi?

Uwar goyo, Birnin Kebbi

'Yata, sannu da rainon yaron naki, Allah Ya raya mana shi. Maganarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai. Wata biyar daga ɗaki sai asibiti, kina kallon hotunan ƙawaye a waya, ke kuwa daga wanki sai shayarwa. Duk wadda ta taɓa jego ta san wannan kaɗaicin, ko da gidan cike yake da mutane. Son fita shan iska ba laifi ba ne, kuma bai rage ki da komai ba a matsayin uwa. Kada ki bari kowa ya sa ki jin kunyarsa.

To amma faɗuwar gaban nan da kike ji, kada ki raina ta. Tana da dalili.

Ni ban hana ki zuwa Bagudo ba. Ƙasa ce mai kyau a lokacin kaka: shinkafa ta nuna a fadama, ga ɗanyen kifi, ga kogin Kwara ya shimfiɗu in kin hau gadar Tuga sai kin ce ina ma a tsaya a nan. Zumunta a ƙafa take, kuma aure ma yana son irin wannan fitar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwanan mota a bakin ruwa da jinjiri. Wannan kam a'a.

Kin ce ruwa ya ɗauke. Ruwan sama ne ya ɗauke, 'yata, sauro bai ɗauke ba. Ƙarshen damina da farkon kaka su ne lokacin da kududdufai da fadamu ke cike da shi, kuma lokacin ne asibitoci ke cika da yara masu zazzaɓi. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu a duk Najeriya. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin maleriya a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ana soma ta ne daga wata 5, wato yaronki yanzu ya kai, in ba a yi masa ba ki kai shi kafin ki ɗaure kaya. Amma allura ɗaya ba ta gama aiki, sai an cika sauran, kuma ko an cika ba ta ɗauke wa gidan sauro aikinsa.

Yanzu ki duba kwanan motar da kanki. In kun buɗe taga, sauro ya samu abincin dare. In kun rufe, mutum nawa ne za su raba iskar mota ɗaya har asuba, ga zafi, ga tukunyar gas a gefe? Wani zai ce a kunna maganin sauro na hayaƙi, wani ya ce a bar injin yana aiki saboda sanyin na'ura. Hayaƙin inji a rufaffen wuri yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ko motsa ba, kuma ƙirjin jariri bai kai na babba juriya ba. Sannan a kan katifar da manya suka cunkushe, a gajiye bayan doguwar hanya, wa zai lura in an danne yaron? Babban mutum in ya sha wahala ya wartsake da safe ya mai da ita labari. Jariri ba haka yake ba. Zazzaɓin da ya fara da tsakar dare yana iya kai shi ga sanƙarewa kafin gari ya waye, ku kuma kuna bakin kogi, hanya ba kyau, waya ba sabis.

Ga kuma maganar da 'yan birni ba sa son ji. Yankin iyakar nan ba kamar da yake ba. Kowa a Kebbi ya ji labarin 'yan bindigar Lakurawa, kuma can arewacin Benin ɗin ma sojojinsu suna fama da 'yan bindiga. Baƙuwar mota ta tsaya a daji da dare, da mata da fitila da ƙamshin girki, kira ne ga wanda ba a gayyata ba. Har jami'an tsaro ma sai sun tambaye ku abin da kuke yi a can.

Saboda haka ga sharaɗina, ki karanta wa maigidan naki da babbar murya.

A kwana a cikin gari, a ƙarƙashin rufi. Ko gidan 'yan uwa, ko na abokan arziki, ko masauki. Motar ta zama ta yawon rana da ajiye kaya. Ki tafi da gidan sauronki mai magani, kada ki dogara da na mutane. Tafiyar bayan Juma'a kuma a sake lissafi, don kada magariba ta riske ku a hanya. Gara ku yi sammako ranar Asabar. Kafin ku tashi, a kira ɗan gari a tambaye shi lafiyar hanya ta wannan makon, kuma a san inda asibiti mafi kusa yake.

A cikin mota kada ki zauna gaba da shi a cinya, kada kuma ki goya shi a baya ki jingina. In akwai kujerar jarirai ta mota, ko ta aro ce, a ɗaure ta a baya. A riƙa tsayawa kina ba shi nono. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, balle ruwan da ba ki san rijiyarsa ba. Ƙawar da ta ce a ɗan lasa masa fura, ki yi mata murmushi ki janye ɗanki. Ke ce za ki sha ruwa sosai. Ki ɗauki katin rigakafinsa, da ruwan gishiri da sukari na leda, da hula da rigar sanyi, don asubar kaka a bakin kogi tana da sanyi. In jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, yawo ya ƙare, sai asibiti.

Kwalekwale kuwa, ko da wasa. Ba mu manta da abin da ya faru a Warra ba a watan Mayun 2021, jirgin ruwa ya kife da mutane masu yawan gaske. Rigar kariya ta manya ma da ƙyar ake samu, ina ga ta jinjiri?

Benin ku bar ta sai wani jiƙon. Allurar shawara da ta ƙyanda sai ya kai wata 9, kuma tsallaka iyaka ta Lolo ko Tsamiya yana son takardu, ba raha ba. Kasuwar Malanville da ke can ba za ta gudu ba.

Sai surukarki. Ban ji daɗin yadda aka bar ki tsakaninta da ƙawaye ba. Ina maigidan? Mahaifiyarsa ce, shi ya kamata ya je ya zauna gabanta ya ce, "Hajiya, mun ji maganarki, mun fasa kwanan mota, ga gidan da za mu sauka, ga ranar da za mu dawo." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba ƙinki take yi ba, ta ga yara da yawa sun kwanta a irin wannan lokacin ne. In kuka tafi a kan rashin yardarta yaron ya dawo ko da mura ce, ke za a ɗora wa, kuma maganar sai ta shekara tana tashi. In bayan duk wannan ta ce a'a, ku haƙura ku ɗaga tafiyar zuwa lokacin da ya ƙara ƙwari, amma maigida ya fitar da ke ko yini ɗaya ne a wannan makon. Hakkinki ne.

Ku kuma ƙawaye, ina da ku. Kun kira ta tsohuwa kuna dariya, ita ta koma ɗaki da maganar tana ci mata rai. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai goyo ba za ta yi hirar dare har ƙarfe ɗaya ba, ba za ta shirya cikin minti biyar ba, kuma za a tsaya a hanya saboda ita ba sau ɗaya ba. Wadda ke ƙaunarta ta karɓi yaron ta ce mata je ki yi wanka, ki ci abinci da zafinsa. Gobe ku ne da goyon, kuma ita za ku kira da tsakar dare.

Masu karatu, kaka ta yi, bukukuwa da ziyarce-ziyarce sun kankama. Duk gidan da za a fita da jariri, a fara tambayar inda zai kwana kafin a tambayi kuɗin mai. Ke kuma 'yata, in kun dawo ki rubuto mini, ina son jin yadda kuka yi da Hajiya.