Sauya Lagireton Mota da Fitar da Iska daga Hanyar Ruwa

Motar da ke shiga lungunan Kusfa, cikin birnin Zazzau, ta fi wadda ke gudu a hanyar Kano wahala wajen zafi. Dalili kuwa shi ne mai gudu iska na bugun lagiretonta, amma mai rarrafe cikin lungu, ko mai tsayuwa cikin cunkoson Ƙofar Doka a watan Afrilu, ba ta da madogara sai fanka da ruwan da ke cikinta. Don haka ya kamata kowane Hakimi, da Malaminsa mai riƙe da lissafin kuɗin gyara, su san yadda aikin nan yake, ko da ba su ne za su riƙe sifana ba.

Lagireton dā na tagulla ne, in ya huje a like shi da dalma. Na yanzu galibi alminiyam ne mai kan roba, in robar ta tsage sai sauyi. Garin da waɗansu kan zuba ciki don toshe yoyo yana toshe ƙananan hanyoyin ruwa tare da hujin, watau an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce sarai. A tudu irin na Zariya ruwa kan tafasa wajen digiri 98, amma murfin yana danne shi har ya kai kusan 120 bai tafasa ba. In aka buɗe da zafi, nan take ruwan zai yi tsiri ya ƙone fuska da hannu. Bayan ya huce, a cire kan batir domin kada fanka ta tashi, a tara kwano, a kwance tiyon ƙasa ruwa ya tsiyaye. Ruwan nan kada a zubar da shi a kwata ko ƙofar zaure: maganin da ke cikinsa yana da zaƙi, dafi ne kuwa ga yaro da akuya. Sa'an nan a cire tiyon sama da wayar fanka da notuna, a ɗaga tsohon, a zaunar da sabon. Tiyon da ya kumbura ko ya bushe, da murfin da ya tsufa, a sauya su a lokacin.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan wannan. Sa'ad da aka tsiyaye ruwa, iska ta maye gurbinsa, kuma ba duka take fita ba don an cika lagireto har baki. Takan maƙale a can saman inji. Iska ba ta ɗaukar zafi kamar ruwa, saboda haka wurin da ta tsaya sai ya yi ta gasuwa, wani lokaci ma allurar zafi ba ta nuna kome ba, domin abin awon a cikin iskar yake zaune. Ƙarshenta kan inji ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, kuɗin gyara ya ninka na lagireto sau da yawa.

Ga yadda ake korarta. A tsai da mota gabanta na bisa tudu, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi. Motoci da yawa, kamar Peugeot 406 wadda aka harhaɗa a Kaduna, suna da 'yan notuna na fitar da iska a jikin tiyo da gefen inji. A sassauta su, a riƙa zuba ruwa sannu a hankali, rabi magani rabi ruwa mai tsabta. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo da tsatsa, a guje shi. Kowane noti, in ruwa ya fito daga gare shi ba kumfa, a ɗaure shi, a fara da na ƙasa. Kana a mai da batir, a ta da inji murfi a buɗe. In zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, ƙofar nan da makanikai ke kira tamostat za ta buɗe, tiyon sama ya yi zafi, ruwa ya sauka, kumfa ta taso. A ƙara ruwa, a rufe, a jira har fanka ta tashi ta tsaya da kanta. In kumfa ta ƙi ƙarewa, to, ba ragowar iska ba ce, mai yiwuwa gasket ya riga ya ƙone, kada a hau hanya.

Akwai makanikan da kan cire tamostat su yar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Lalle Hakimi ya hana. Inji marar tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, balle da asubar hunturu, ya sha mai, ya kuma ci kansa.

Kashegari da safe, kafin a ta da mota, direba ya sake duba ruwa ya cika, ya leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo, haka har kwana uku. Malami kuwa ya rubuta ranar aikin, da abin da aka sauya, da kuɗin da aka biya, ya kuma ga an dawo da tsohon lagireton gida.