Ƙanƙara, Rumbun Sanyi a Cikin Firiza

Manomi ba ya jiran yunwa kafin ya gina rumbu. Lokacin kaka yake tara hatsi domin ya ci da bazara. A wannan darasi za mu ga cewa sanyi ma ana iya tara shi haka.

A gidajenmu na Ƙofar Jatau da sauran unguwannin birnin Zariya mun san halin wutar lantarki. An sauya sunan NEPA zuwa PHCN a 2005, aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, amma ɗauke wuta bai ƙare ba. Uwargidan da ta ajiye nama, ko mai sayar da zoɓo, sai dai ta sayi fetur na janareta ko ta yi asara.

Bari mu tuna abin da muka koya a ajin kimiyya. Firiza ba ta ƙera sanyi. Zafi take kwasowa daga ciki ta zubar waje, kuma wannan aiki ne ke cin wuta. In wuta ta tafi, zafi yakan komo a hankali. Abin da muke bukata shi ne wani abu da zai shanye wannan zafi kafin ya kai ga abinci.

Ƙanƙara ce ke wannan aiki. Wajen 1761 wani masani a Sikotilan, Joseph Black, ya lura cewa ƙanƙara mai narkewa tana shan zafi da yawa ba tare da ita kanta ta ɗumama ba. Ana kiran wannan ɓoyayyen zafi. Kilo 1 na ƙanƙara yakan sha kilojul 334 kafin ya narke. Zafin nan ya isa ya ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa 80.

Amma akwai matsala. Ƙanƙarar ruwa zalla tana narkewa ne a digiri 0, lokacin da nama ya riga ya fara saki, alhali kuwa ana so firiza ta zauna a digiri 18 ƙasa da sifiri. Maganin yana cikin madafa: gishiri. In muka narkar da giram 100 na gishiri a lita 1 ta ruwa, ƙanƙararsa za ta yi aikin shan zafinta tun abinci yana daskare, ta gama narkewa wajen digiri 6 ƙasa da sifiri.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu zuba ruwan gishirin a gorunan roba, mu bar sarari a wuya, domin ruwa yakan kumbura in ya daskare.
2. Mu jera su a saman abinci da gefen bango.
3. In an ɗauke wuta, mu rage buɗe murfi.

Kada mu ɗauka sanyin kyauta ne, gama wuta ce ta daskarar da gorunan. Ribar ita ce mun tara sanyi lokacin da wuta take, injin firiza ya rage yawan tashi da mutuwa, janareta kuma ya huta. Da irin wannan dabara firji masu aiki da hasken rana suke kiyaye allurar rigakafi cikin dare.

Aikin gida: mu daskarar da gora biyu, ɗaya da gishiri, ɗaya babu. Mu fito da su, mu auna sanyinsu bayan kowane minti 30, mu kawo sakamakon aji.